Yadda Ake Haɗa Cakulan na Sha Daga Ƙwayar Koko, Irin na Zamanin Mulkin Mallaka

Abin da mai shayi yake ɗebowa daga gwangwani ya zuba a kofi ba shi ne cakulan ɗin da aka sha a Meziko da Sifaniya da birnin Boston na Amurka shekaru 300 da suka wuce ba. Garin koko na yau an matse mafi yawan mansa, kuma injin matsewar sai a 1828 gidan Van Houten na ƙasar Holan ya yi masa rajista. Kafin nan ƙwayar ake niƙawa ɗungurungum a sha ta da manta, alhali kusan rabin nauyinta mai ne. Duk ƙa'idojin da za su zo a ƙasa, daga ɗumama dutse zuwa nisantar ruwa da kaɗawa da maburgi, wannan man ne ya jawo su. Koko kuma a nan ba na gero da ake sha da ƙosai ake nufi ba, ƙwayar bishiyar nan ce da ake nomawa a kurmi.

Bishiyar 'yar asalin nahiyar Amurka ce. Mutanen Maya da Aztek sun daɗe suna niƙa ƙwayarta su dama da ruwa, su sa barkono da banila, wani lokaci da garin masara, sannan su riƙa zubawa daga wannan ƙwarya zuwa waccan daga sama har ta yi kumfa. Ƙwayar kuma kuɗi ce a wurinsu, kamar yadda wuri ya kasance a kasuwanninmu. Wata takardar farashi ta garin Tlaxcala na Meziko ta shekarar 1545 ta nuna macen talo-talo mai kyau ƙwaya 100 ce, babban tumatir kuma ƙwaya 1. Bayan Sifaniyawa sun ci Tenochtitlan, babban birnin Aztek, a 1521, sai abin shan ya canja kama a gidajensu: aka sa sukarin rake da kirfa, aka koma shan sa da zafi, aka ƙirƙiro sandar kaɗawa da suke kira moliniyo. Lodin koko na farko da aka rubuta ya tashi daga Veracruz ta Meziko zuwa Sabil ta Sifaniya a 1585. A 1657 wani Bafaranshe ya fara tallar sa a Landan, shekara biyu bayan Ingila ta ƙwace Jamaika da gonakin kokonta, a 1670 kuma mata biyu a Boston suka sami lasisin sayar da gahawa da cakulan. Ba a raba wannan tarihi da bauta. Da cututtuka da aikin dole suka ƙarar da 'yan ƙasa, bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka noma kokon Benezuwela, su ne kuma suka sari raken da aka zaƙaƙa shi da shi.

Kayan aiki

Ana buƙatar kasko mai kauri ko tanda, turmi da taɓarya, faifai, rariya, sikeli, da dutsen niƙa da ɗansa. A Meziko sunan dutsen metate, yana da ƙafa uku, don haka akwai wurin tura garwashi a ƙarƙashinsa. Namu da ke zaune a ƙasa sai a ɗora shi kan bulo uku. Na ƙarshe tukunya mai zurfi da ƙaramin baki, da maburgi sabo wanda bai taɓa shiga miyar kuka ba.

Maganar sabo ba ta tsaya ga maburgi ba. Man koko yana zuƙar wari kamar soso, dutsen da ya saba da daddawa ko albasa zai mayar da cakulan ɗin miya. Idan ba a sami sabon dutse ba, a wanke tsohon, a shanya shi kwana biyu a rana, a niƙa busasshiyar shinkafa a kai sau biyu a zubar. Injin markaɗen unguwa kuwa a manta da shi, domin da ruwa yake aiki, kuma tattasan wani ne ya riga shiga.

Zaɓen ƙwaya

A nan ne mu muka fi mai girkin Boston na 1750 sa'a, shi sai jirgin ruwa ya iso. Turawan Fotugal sun kawo koko daga Burazil zuwa tsibiran Principe da Sao Tome a farkon ƙarni na 19, ya wuce tsibirin Fernando Po, daga can wani ɗan Gana mai suna Tetteh Quarshie ya kai shi ƙasarsa a 1879. Zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai Gana fitar da shi. Yau ana samun ɗanyar ƙwaya a Ondo da Osun da Kuros Riba, da yankin Kumasi, da kudancin Kamaru, wuraren da Hausawa ke zaune tun tuni.

Ƙwayar da ake so ita ce wadda aka tsima sannan aka busar. Manomi yana fasa ƙwanson ya kwashe ƙwayoyin, talatin zuwa arba'in a kowanne, da farin yauƙin da ke jikinsu, ya tara ya rufe da ganyen ayaba kwana 5 zuwa 7 yana juyawa, sannan ya shanya. Wannan rufewar ce ke rage bauri ta shirya ƙamshin. Wadda aka wanke aka shanya kai tsaye, ko ta kwana a kasko ba za ta yi ƙamshin cakulan ba.

Kafin a biya kuɗi a ɗebo ƙwaya 20 a tsaga kowacce ta tsawo da wuƙa. Ciki ruwan ƙasa mai tsage-tsage shi ne daidai. Idan ya yi shunayya, tsimuwar ba ta kai ba, ana iya haƙuri da kaɗan. Idan ya yi toka-toka kuma ya cure ba tsaga, ba a tsima ba sam. Mai fumfuna ko ƙwari ko warin hayaƙi a bar wa mai shi. A damƙi hannu guda a matse a ji: busasshiya tana ƙaras-ƙaras, mai danshi tana lanƙwasa. Kilo 1 ya isa farawa, kuma bayan suya da cire ɓawo abin da zai rage wajen giram 750 ne. A tsince tsakuwa da itatuwa da ƙwayoyin da suka shafe ba komai a ciki. A ware manya daban da ƙanana, in ba haka ba ƙananan za su ƙone kafin manyan su soyu.

Suya

A ɗora kasko a kan garwashin da ya daina ci da harshe. A zuba ƙwaya shimfiɗa ɗaya, kada a tula, wajen giram 300 a lokaci guda, a yi ta juyawa ba tsayawa kamar suyar gyaɗa, sai dai wutar ta fi ta gyaɗa sanyi. Da farko wani tsami kamar na ruwan kal zai taso, wannan ragowar tsimuwa ce ke fita, alama ce mai kyau. Bayan minti 10 zuwa 15 za a fara jin ɓawo yana fashewa ɗaya-ɗaya, tsamin ya ja baya, ƙamshin cakulan ya cika wurin. Tsakanin minti 20 zuwa 25 yawanci ta yi. Mai tanda ya sa digiri 130 zuwa 140 na tsawon minti 25 zuwa 30, ya juya sau biyu.

Agogo ba ya yanke hukunci, baki ne. A ciro ƙwaya ɗaya, a bari ta huce, a murza. Idan ɓawon ya saɓule da sauƙi, cikin ya farfashe, a tauna. Ɗaci dole ne, amma bai kamata a ji tsami mai kama harshe ba, bai kuma kamata a ji ƙauri ba. Wadda ba ta soyu ba ana iya mayar da ita wuta, wadda ta ƙone kuwa ba sukarin da zai rufa mata asiri, don haka gara a sauke da wuri. Kada kuma a tsallake suyar da sunan ana son ɗanye: ƙwayar ta kwana a ƙasa ta sha shanya a fili, zafin wuta ne ke kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin ɓawonta.

A juye a faranti mai faɗi nan take. Idan aka bar ta a kaskon za ta ci gaba da soyuwa. A ba ta aƙalla awa ɗaya ta huce.

Fasawa da bakace

A zuba a turmi a ɗan daddaka a hankali, fasawa kawai ake so ba daka ba. Cikin zai rabu gutsi-gutsi kamar tsakin masara, ɓawon ya fita fale-fale. Idan aka matsa da taɓarya, ɓawon zai zama gari ya gauraya da tsakin, ba mai iya raba su kuma. Sai a bakace a faifai, ko a sheƙa a gaban fanka, sau uku ko huɗu, sannan a baza a tsince abin da ya rage da hannu. Wannan shi ne wurin da ya fi cin rai, kuma nan ake gane mai haƙuri. Ɓawo ba ya niƙuwa, duk wanda ya tsere zai fito a kofi kamar dusa.

Kada a zubar da ɓawon. A Amurka ta ƙarni na 18 ana dafa shi a sha kamar shayi, har a gidan George Washington. Cokali biyu a kofin tafasasshen ruwa, minti 10, a tace.

Niƙa

A tura garwashi kaɗan ƙarƙashin dutsen a bar shi ya ɗumama sannu a hankali na minti 20 zuwa 30. Wuta mai ƙarfi farat ɗaya tana iya tsaga dutse. Ma'aunin shi ne tafin hannu: a ɗora a ƙirga zuwa goma ba tare da an janye ba. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da ɗumin jikin mutum, saboda haka ɗumi ake nema ba zafi ba. Dutsen da ya yi zafi sosai zai sake soya abin da aka riga aka soya, man ya tsiyaye ya bar tuƙa.

A fara da tsaki cike da hannu ɗaya. Zagayen farko zai ba da gari mai danshi kamar jiƙaƙƙiyar ƙasa. A tara a kwano a sake dawowa da shi. A zagaye na biyu zai fara ƙyalli ya kama dutse kamar markaɗaɗɗiyar gyaɗa. A na uku zai riƙa malala da kansa, nan ne ake cewa ya narke. Giram 500 na iya cin awa biyu a hannun wanda bai saba ba. A shafa kaɗan tsakanin yatsu biyu a gani. Ba zai taɓa yin laushin cakulan ɗin kanti ba, wancan aikin injin da Rodolphe Lindt ya ƙirƙiro ne a 1879, na zamanin mallaka yana da ɗan yashi-yashi a harshe kuma haka aka san shi.

Babbar doka a nan: ko ɗigon ruwa kada ya taɓa shi. Idan ya yi tauri, mutum zai ji kamar ya ɗan yayyafa ruwa kamar yadda ake yi wa markaɗe. Da zarar an yi haka ƙananan ɓarɓashin da ke yawo cikin man za su jiƙe su manne wa juna, abin ya cure ya zama dunƙule mai tauri da ba ya niƙuwa. Maganin tauri ƙarin ɗumi ne. Hannu da cokali da kwano duk su zama busassu, a kuma kula da gumin goshi. Idan tsautsayi ya riga ya afku ba asara ba ce gaba ɗaya, a dafa wannan a sha a ranar, amma ba zai ajiyu ba.

Wannan wahala ce ta sa aka nemi inji tun da wuri. A tsakiyar shekarun 1760 John Hannon da Dakta James Baker suka fara niƙa koko da ƙarfin ruwan kogin Neponset a Dorchester kusa da Boston, inda kamfanin Baker ya samo asali. Mai injin niƙa na hannu irin na masara zai iya yin zagayen farko da shi, ya ƙarasa a dutse. Bilenda tana yin gari, amma da man ya fito sai ya manne a gefe wuƙar ta riƙa juyawa a banza.

Sukari da kayan ƙamshi

Wani likita ɗan Andalus, Antonio Colmenero de Ledesma, ya wallafa haɗinsa a 1631, kuma shi aka yi ta fassarawa a Turai. Ga kowace ƙwaya 100 ya sa barkono 2, ƙananan ƙwayoyin ƙamshi na yansun cike da hannu, wasu furannin Meziko, banila 1, kirfa kaɗan, almon 12, jar ƙwayar aciyote don launi, da sukari rabin laba. Ƙwaya 100 ba ta wuce giram 100 da ɗoriya ba, rabin laba kuwa wajen giram 230 ne, wato sukarin ya ninka kokon. A ganinmu wannan ya yi yawa, ɗanɗanon ƙwayar yana ɓacewa, amma a zamanin sukari kansa abin nuna arziki ne.

Haɗin da ya fi daidaita, ga tsaki giram 500: sukari giram 250, garin kirfa ƙaramin cokali 2, gyaɗar ƙamshi rabin ƙaramin cokali, kanumfari ƙwaya 4, garin barkono kwatan ƙaramin cokali, da busasshiyar banila 1 idan an samu. A yi hattara da kanumfari, ɗaya ya ƙaru sai ya danne kowa. Barkonon kuma ba don yaji ake sa shi ba, ɗan ɗumi ne a maƙogwaro bayan an haɗiye. Turawan Ingila sun fi karkata ga gyaɗar ƙamshi da kirfa, sannu a hankali suka yar da barkonon.

A daka sukarin ya zama gari a tankaɗe, haka kayan ƙamshin, kowanne daban. Kada a zuba su sai kokon ya narke, domin sukarin da aka sa da wuri yana shanye man kafin ya fito, niƙan ya gagara. A riƙa barbaɗawa kashi uku, ana niƙawa tsakanin kowanne. Zai yi kauri ya zama kamar ƙullin da ake iya murzawa, haka ake so. Mai son mazarƙwaila, wadda ta fi kusa da baƙin sukarin da ake amfani da shi a Meziko, ya bari sai a tukunya, tana da danshi kuma danshi ruwa ne. Banila ta ruwa ta kwalba ma haka.

Curawa da ajiya

Haɗin zai ba da giram 750, wato curi 25 masu giram 30, kowane curi kofi ɗaya. A ɗebo da cokali a ɗiɗɗiga a kan takarda mai santsi ko busasshen ganyen ayaba, a danna ya yi faɗi, a ɗan bubbuga farantin iska ta fita. A ajiye a inuwa mai sanyi ya daskare.

Yanayi yana da ta cewa. Masu sana'ar a Amurka ta zamanin mallaka sukan dakata da rani saboda ba ya daskarewa. A Kano ko Zinder cikin watan Afrilu, ɗaki ya haura digiri 34, curin zai kwana a narke. Lokacin aikin hunturu ne, in kuwa dole ne a yi da bazara sai firji, cikin mazubi mai murfi don kada raɓa ta sauka a kai. Bayan 'yan kwanaki za a ga wani fari-fari ya fito a samansa. Ba fumfuna ba ce, man ne ya taso ya daskare, yana narkewa idan aka shafa da yatsa, fumfuna kuwa tana da gashi da wari. A naɗe kowane curi a takarda a sa a gwangwani nesa da kayan miya da sabulu da turare. Yana yin watanni, kuma wanda ya kwana biyu ya fi na ranar farko daɗi, kayan ƙamshin sun gama shiga.

Dafawa

Ga kofi ɗaya: curi 1 da ruwa mililita 150 zuwa 180. A kankare curin da wuƙa ko magogi a cikin tukunya. A zuba ruwan zafi cokali 3 a dama har ya zama kamar kwaɓi ba gudaji. Yanzu ruwa ba ya cutarwa, domin yawansa zai wadatar. Sai a ƙara sauran ruwan a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa. Da an ga ya fara tasowa a gefe a sauke, kada a bari ya yi ta tafarfasa, ƙamshin zai tafi man kuma ya ware.

Sai kaɗawa, wadda ita ce rabin aikin. A tsayar da maburgi a tsakiyar tukunya a murza tsakanin tafukan hannu da sauri na minti 2 zuwa 3, kansa yana nutse a ciki amma kusa da sama don ya ja iska. A kwashe kumfar a zuba a kofi, a sake kaɗawa, a sake kwashewa, sannan a tsiyaya sauran. Tukwanen cakulan na azurfa da tagulla na ƙarni na 17 da 18 suna da rami a murfi, ta nan sandar take fitowa a riƙa murzawa tukunya na rufe, kuma wannan ramin ne ke bambanta su da butar gahawa. Dalilin duka ɗaya ne: mai da ruwa ba sa zama wuri guda sai da dole. Kofin da aka bari minti 5 zai yi idon mai a sama da laka a ƙasa.

Idan kumfa ta ƙi tashi, ko dai ruwan ya huce, ko tukunyar ta yi faɗi, ko madara ta yi yawa. Ruwa zalla ya fi ba da kumfa kuma shi ne tsarin Sifaniyawa. Turawan Ingila sun fi son rabin ruwa rabin madara, wasu su kaɗa gwaiduwar ƙwai a ciki. Mai yin haka ya fara kaɗa gwaiduwar da cokali 2 na cakulan mai ɗumi a gefe kafin ya juye, bayan an sauke daga wuta, in ba haka ba za ta dahu ta yi gudaji. Idan man ya ci gaba da tasowa duk da kaɗawa, a dama ƙaramin cokali 1 na garin masara da ruwan sanyi a zuba tun ana dafawa, sitacinsa zai riƙe man. Wannan ba sabuwar dabara ba ce, ita ce tushen abin shan da ake kira camfurado a Meziko, wanda kaurinsa ya kusa na kunu.

Ana shan sa a ƙaramin kofi, da safe, da gasasshen burodi ko biskit a tsoma. Nauyinsa ya sa malaman cocin Katolika suka daɗe suna gardamar ko abinci ne ko abin sha a ranakun azuminsu, har Kadinal Brancaccio ya goyi bayan cewa abin sha ne. Thomas Jefferson kuma a wasiƙarsa ga John Adams a 1785, kafin kowannensu ya zama shugaban Amurka, ya yi hasashen cewa zai kori shayi da gahawa a Amurka, hasashen da bai tabbata ba. Abin da ya rage a tukunya a rufe shi a wuri mai sanyi, in da madara a ciki sai firji, washegari a ɗumama a wuta kaɗan a sake kaɗawa kafin a zuba.